Wa Ke Tashe Cikin Salularka In Kai Ka Yi Barci?



Akwai wani zagi da ake karya kumallo da shi a ƙasar nan. Mutum ya sayi forfe da daddare, ya ɗan leƙa WhatsApp, barci ya kwashe shi, gari na wayewa sai ga saƙo wai megarsa ta ƙare. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Reso ya sace min mega." Ni ba lauyan kamfanonin waya ba ne, kuma akwai lissafi mai tsawo da ya kamata a zauna a yi da su. Amma yau wani nake so mu kama, wanda ya fi su kusa da aljihunmu. Ƙarƙashin matashin kanmu yake kwana, mu ne ma muke biyan kuɗin cajinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Salula ba ta barci. Fuskarta ce kawai ke yin duhu. A ciki, manhajojin da ka zuba mata da waɗanda ka tarar ranar da ka saye ta, kowace na da ɗan aikin da ta yanka wa lokaci. Wannan za ta leƙa ko an turo saƙo, waccan za ta aika hotunanka ajiya, wata za ta sauko da tallan da za ta nuna maka gobe, wata kuma za ta kai rahoton inda ka kwana. WhatsApp kansa ƙarfe 2 na dare yake tashi ya yi ajiyar hirarrakinka. Shi ake kira aikin bayan fage. Kowane aiki daga cikinsu batir yake ci, da yawansu kuma har da mega, kuma duka biyun kai ka biya. To tambayata mai sauƙi ce: wa ke yanke hukuncin wanda zai tashi cikin dare ya yi aiki, da wanda za a hana? Ba kai ba ne. Ni kuwa wannan rashin adalci nake kiransa, ko da an lulluɓe shi da kalmomin injiniyoyi.

Kar a fahimce ni a baibai. Aikin bayan fage ba laifi ba ne a karan kansa. In babu shi, saƙon mahaifiyarka ba zai shigo ba sai ka buɗe manhaja da hannunka, agogon da ka sa ya tashe ka sahur kuma zai bar ka sai rana ta fito. Ana buƙatarsa. Rigimar a kan rabo take.

Bari in ɗan yi muku bayanin yadda rabon yake, don wanda bai ga yadda aka ƙulla abu ba wuyar kwancewa yake masa. A farkon zamanin Android, kusan kowace manhaja na iya tada salula duk sa'ar da ta ga dama, ta hana ƙwaƙwalwarta runtsawa har sai ta gama abin da take yi. Waɗanda suka riƙe Android a wancan lokaci sun tuna yadda batir ke mutuwa kafin la'asar, salula na aljihu tana zafi kamar an ɗauko ta daga kan gawayin shayi. A 2015, da Android 6, kamfanin Google ya fito da wani tsari da ya kira Doze, wato gyangyaɗi. Ku ɗauke shi kamar maigadin babban gidan haya. In salula ta daɗe a ajiye, fuskarta a kashe, ba ta motsi, kuma ba a kan caji take ba, sai maigadi ya ja ƙofa ya kulle. Babu manhajar da za ta fita intanet, ayyukan da aka yanka wa lokaci kuma a jinkirta su. Can an jima sai ya buɗe na ɗan lokaci, masu saƙo su ruga su dawo, ya sake kullewa. Dare na ƙara tsalawa, tazarar buɗewar na ƙara tsawo. A 2016 aka ƙara wani gyangyaɗin mai sauƙi da ke aiki ko salula na aljihu kana tafiya. A 2017 Android 8 ya ƙara ɗaure hannun manhajoji. A 2018 Android 9 ya raba su aji-aji: wadda kake yawan buɗewa ta samu dama mai yawa, wadda ka manta da ita a rage mata. Mai haɗa manhaja a yau, in ya bi hanyar da Google ya shimfiɗa masa, wadda ake kira WorkManager, ba ya iya cewa a dinga maimaita aikinsa ƙasa da kowane minti 15. Ko minti 15 ɗin ma roƙo yake yi, maigadi ke da ta cewa. Masu iPhone kar ku yi dariya, naku maigadin ya fi namu tsauri, Apple ke zaɓar sa'ar da manhaja za ta motsa.

Har nan babu abin zargi. Tsari ne mai hankali, ya kuma ceci batir da yawa.

Matsalar ita ce a gidan nan akwai masu makullin kansu. Ayyukan Google da ke zaune cikin kusan kowace Android da ake sayarwa a kasuwanninmu ba sa jiran maigadi, su da shi uwa ɗaya uba ɗaya suke. Hanyar da aka shimfiɗa don tada salula daga gyangyaɗi in saƙon gaggawa ya zo ta intanet, wadda ake kira Firebase, ita ma ta cikin na'urorin Google take bi. Ma'ana, yaro ɗan Damagaram da ya haɗa manhajarsa, in yana son ta ƙwanƙwasa salular maƙwabcinsa da ke bayan katanga cikin dare, sai saƙon ya je ya gaida Google ya dawo. Wanda ya kafa dokar gidan shi ne maigadi, shi ne kuma ɗan hayar da ya fi kowa fita.

Sai abin da ya fi ci mini rai, don shi ke nuna ba da mu aka yi shawarar ba. Dokokin nan an gina su kan zato biyu: wai Wi-Fi kyauta ne, kuma wai in salula na kan caji to komai ya wadata. Shi ya sa manyan ayyuka, irin sabunta manhajoji da aika hotuna ajiya, ake tara su a ce su jira sai an samu Wi-Fi ko an sa caji. A gidan da ake biyan kuɗin intanet sau ɗaya a wata a sha iya sha, kuran kuma bai san ɗaukewa ba, zato ne mai kyau. To mu fa? Wi-Fi ɗin da yawancinmu muka sani ɗan akwati ne mai SIM a ciki, wanda aka yi karo-karo a fada ko a shago aka zuba masa forfe. Salula ba ta san wannan ba. Tana ganin Wi-Fi sai ta ɗauka biki ya samu. Play Store ya hau sabunta manhaja ashirin, WhatsApp ya hau sauko da duk bidiyon da aka watsa a gurup tun shekaranjiya, hotuna su kama hanyar ajiya. Mutum biyar su hau akwati ɗaya, kafin shayi na biyu ya nuna forfen sati ya tafi. A koma ana hararar juna, kowa na zargin ɗan'uwansa da kallon fim a ɓoye, alhali babu wanda ya taɓa komai. Akwai wurin da za ka gaya wa salula cewa wannan Wi-Fi ɗin da awo ake sayensa, amma an binne shi can ƙasan parametir, inda sai mai haƙa rijiya zai kai.

Caji kuwa, ku sani Doze ba ya aiki in salula na kan wuta. Ana jona ta maigadi ke tafiya gida, duk ayyukan da aka tsare su ɓarke. Wanda ya miƙa salularsa wurin mai caji a tasha ko bakin kasuwa, ya biya dala goma ko dala ashirin, ya manta bai kashe koneksiyon ba, ya bar ta awa uku, to sau biyu ya biya. Ya biya kuɗin wuta, ya kuma biya kuɗin shagalin da aka yi a bayan idonsa. Mu da muka ga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya, wanda a lokacin shi ke kawo kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan, ba sai wani ya koya mana darajar kashi 10 na batir ba. Mun san shi ne bambanci tsakanin ɗan kabu-kabu ya amsa kiran mai hawa da ya wuni ba ciniki.

Bayan maigadin Google akwai wani maigadin, shi kuma ko dokar ba ya karantawa. Kamfanonin da ke ƙera salula ɗaukar Android suke su gyara yadda suke so, kuma kowa na son a ce batirinsa ya fi na kowa daɗewa, tunda shi ne abin farko da mai saye ke tambaya a kasuwa. Hanya mafi sauƙi ta cika alkawarin ita ce a kashe manhajoji da zarar fuska ta yi duhu. Kashewa fa, jama'a, maigadin Google jinkirtawa kawai yake yi. Google da kansa ya rubuta cewa kowane kamfani na iya kafa nasa ma'aunin wajen raba manhajoji aji-aji. Abin ya ishi masu haɗa manhaja har wasunsu suka buɗe shafi sukutum mai suna dontkillmyapp, wato kar ka kashe mini manhaja, suna jera kamfanoni gwargwadon ɓarnarsu. Huawei, Xiaomi, OnePlus, Samsung duk suna ciki, Tecno ma da ta cika hannayenmu tana ciki. Amma ba kowa takobin ke sara ba. Kamfanin da ya bari WhatsApp ko Facebook suka daina kawo saƙo, washegari za a mayar masa da salulolinsa shago. Don haka galibi manya ake sawa cikin jerin waɗanda ba a taɓawa, sara ya faɗa kan ƙanana.

Su wa ne ƙananan? Manhajar da ke tuna wa mai ciwon suga lokacin magani, ko mai tarin fuka da zai yi wata shida yana sha kullum ba fashi. Manhajar kiran salla da ta yi kwana uku tana kira, rana ta huɗu ta yi gum, ka ɗauka lalacewa ta yi. Manhajar da ma'aikacin lafiya ke cika bayanan yara a ƙauye, wadda ya kamata ta aika su da kanta in an samu reso, sai a tarar sun yi sati a kwance. Wani abokina da muka yi jami'a tare ya haɗa wata ƴar manhaja don matan da ke adashe a unguwarsu. Aikinta ɗaya ne tak, ranar zubi ta tuna wa kowa. A salularsa lafiya lau take aiki. A salulolin matan, rabi ta yi ƙara, rabi shiru. Uwar adashen ta kira shi ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, amma abin nan naka ba shi da alkawari." Suka koma littafi da aiken yara. Yaron nan ya yi kwanaki yana tonon aikinsa yana neman inda ya yi kuskure, alhali salulolin ne ke shaƙe masa ita cikin dare. Haka ake kashe ƙwazon matasanmu tun bai miƙe ba, sannan a hau kujera a taro ana cewa matasa su rungumi fasahar zamani.

Tun Android 14 na 2023 ma, sabuwar manhajar da ke son ta yi ƙara daidai kan minti ba ta samun izinin kai tsaye, in ba irin agogo ko kalanda ba ce. Sai mai salula ya shiga ya ba ta da hannunsa. Suna da hujjarsu, an yi ta wasa da izinin a baya. Amma a aikace me ya faru? Tsohuwar da ke son a tuna mata maganin hawan jini ita ce za ta shiga parametir ta nemo maɓalli cikin Faransanci, manyan kuma da makullinsu a wuya.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji: "Haba, duk wannan surutu a kan ƴan kilobayit?" To mu yi lissafi. A 2021 wani malamin jami'ar Trinity da ke birnin Dublin, Douglas Leith, ya zauna ya auna abin da salula ke aikawa tana ajiye. Ya gano Android da iPhone duka suna tuntuɓar kamfanoninsu kusan kowane minti huɗu da rabi. Salular Google da ya gwada tana aika kusan mega 1 a kowace awa 12, iPhone kuma kilobayit 52. Google ya musanta adadin, ya ce awon bai yi daidai ba. Na ji. Amma ku lura, wannan salula ce da aka ajiye ba a zuba mata kayan da muke zubawa ba. Ɗora mata manhaja talatin, kowace da ƴan tallanta da ƴan rahotonta, ka ninka da kwana talatin. Da yayyafi kogi kan cika.

Kuma masu kuɗin ma ba su ce ƴan kilobayit ba ne. A 2019 masu Android a jihar Kalifoniya ta Amurka suka kai Google kotu, kuma hujjarsu ita ce daidai wadda ake faɗa a fadarmu: megar da na saya dukiyata ce, kai kuma ka yi amfani da ita don amfanin kanka salulata na ajiye. Ranar 1 ga Yuli 2025 masu taya alƙali hukunci a birnin San Jose suka ce Google ya biya dala miliyan 314.6 ga mutum kusan miliyan 14. Dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. Kuɗin ya haura miliyar 170 na sefa. Google ya ce zai ɗaukaka ƙara, ya ce aike-aiken na tsaro ne da lafiyar salula, kuma wai mutane sun amince tun ranar da suka danna "na yarda". Haƙƙinsa ne ya ɗaukaka. Ni abin da ya tsaya mini a wuya daban ne. Mutumin da kuɗin intanet ba ya hana shi cin abinci ya ga abin ya isa zuwa kotu, mu da muke zaɓi tsakanin forfe da abincin rana ana ce mana mu daina surutu. Android ɗin da ke Kalifoniya shi ne a Tawa.

Wannan ma aikin masu rajista ne, masu ofis da lauyoyi. In ƙofar dare ta zama a hannun wanda ba kai ba, wa ya ce maka masu kunya ne kaɗai za su bi ta? A watan Agusta na 2020 wani kamfanin tsaron salula mai suna Upstream ya fitar da rahoto cewa salulolin Tecno W2 kusan 53,000 a ƙasashen Afirka, ciki har da Habasha, Kamaru, Gana, Masar da Afirka ta Kudu, an sayar da su da muguwar manhaja a ciki tun daga kwali. Triada da xHelper ake kiransu. Aikinsu shi ne su tashi a bayan fage su yi ta ƙoƙarin yi wa mai salula rajistar abubuwan biya da bai nema ba, kredi na zurarewa, mega na zurarewa. Ko ka wanke salular tas ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, abin na nan. Kamfanin Transsion da ke ƙera Tecno ya ce wani ne cikin masu kawo masa kayan aiki ya cusa, kuma ya gyara. To, wa ya mayar wa talakawan kredinsu? Kuma wa aka zaɓa aka yi wa haka? Mai salula mafi arha, wanda zai ga kredi ya ɓace ya ce reso ne, ya yi zagi, ya sake saye.

A watan Nuwamba na shekarar dai, jaridar Motherboard ta fallasa cewa Muslim Pro, manhajar lokutan salla da aka sauke kusan sau miliyan 98, tana miƙa bayanan inda mutane suke ga wani dillalin bayanai mai suna X-Mode, shi kuma cikin masu saye a wurinsa akwai ƴan kwangilar sojan Amurka. Muslim Pro ta musanta cewa ta sayar wa soja, ta kuma yanke hulɗa da dillalin. Ku duba yadda aka yi. Manhajar salla na da hujjar sanin inda kake, don lokacin Magariba a Yamai ba ɗaya yake da na Diffa ba. Da wannan hujja mai tsarki aka buɗe ƙofa, wani ya bi bayanta ya shige.

Sai masu ba da shawarar nan da na gaji da ji: "Ai sai ka kashe koneksiyon in za ka kwanta." E, kashe ta, ni ma ina kashewa. Kunna abin tsimin mega da ke cikin Android tun 2016, wanda salula mai Faransanci ke rubutawa Économiseur de données. Shiga WhatsApp ka hana shi sauko da bidiyo da kansa. Duk wannan na rage asara. Amma wannan shawara ce irin ta a ce wa mai gida ya kwana zaune bakin ƙofa da sanda, tunda maigadin da aka ɗaukar masa abokin ɓarayi ne. Kuma ba kowa ke iya kashewa ba. Wanda ɗan'uwansa ke kwance a likita, wadda mijinta ke ci-rani a Agadas ko Libiya sai tsakar dare yake samun kira, ɗan kasuwar da ke jiran saƙon mota daga Kwanni, su ce musu su kashe?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, wannan kam dole in faɗa mana. Mu ne ke tura wa juna manhajoji ta Xender ba mu san daga hannun wa suka fito ba. Mu ne masu GB WhatsApp don mu karanta saƙon da aka goge, mun miƙa duk hirarmu ga wanda ko sunansa ba mu sani ba. Mu ne ke zuba manhajojin nan masu hoton tsintsiya da roka, wai masu share salula da ƙara mata gudu, waɗanda ke kashe manhajoji su kuma su sake tashi su ƙara cin batir, a tsakani ana cika maka ido da talla. Ku goge su yau, ba sai gobe ba. Sai dai sakacin mai gida ba ya halatta sata, kuma ban yarda a tattara laifin duka a ɗora wa wanda aka sayar wa na'ura da littafin da ba ya iya karantawa ba.

Maganar karatu ta kawo ni kan hukuma. A watan Maris na 2025 aka rubuta a kundin ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa. Madalla. To jerin masu tashi cikin dare a salular ɗan ƙasa da wane harshe yake? Muna da ARCEP mai kula da harkar sadarwa. Muna da HAPDP mai kare bayanan mutane, da dokar da aka yi tun 2017 aka sabunta a 2022. Abin da nake nema wurinsu bai kai gina gada ba. Salular da za a yarda a sayar a ƙasar nan, a buɗe ta a ga me aka zuba mata tun daga kamfani, me take aikawa in an ajiye ta, ina take aikawa. A tilasta duk manhajar da aka tarar a ciki, in ba da ita salula ke numfashi ba, mai saye ya iya goge ta. Kamfanonin waya kuma su ba kowa lissafin megarsa awa-awa, kyauta, ta saƙo, don a daina gardamar makafi. In reso ne ya ci, a gani. In salula ce, a gani.

Za a ce Nijar ƙaramar kasuwa ce, wa zai saurare mu, ga shi salula ta kowace ɓarauniyar hanya take shigowa. Shigowar na da yawa, amma maƙeran ba su da yawa. Tecno, Itel da Infinix duk kamfani ɗaya ne, Transsion na birnin Shenzhen a China, kuma Afirka ce gonarsa. Tarayyar Turai ta ce sai kowace salula ta koma bakin caji iri ɗaya, Apple da girman kansa ya canza iPhone tun 2023. Mu ba Turai ba ne, na sani. Amma a ƙarshen 2024 hukumomin sadarwa na Nijar, Mali da Burkina Faso sun zauna a Yamai sun sa hannu kan cire kuɗin ƙetare na kira tsakanin ƙasashen uku. Ƙasashen nan in aka haɗa sun haura mutum miliyan 70. Teburin da aka zauna aka yi wancan bai karye ba. In ana maganar ƴancin kai, salular da ke kai rahoto waje kowane minti huɗu da rabi da kuɗin mai ita tana cikin maganar, ko ba a so.

Ku kuma ƴan'uwana masu haɗa manhaja, na Yamai da na Maraɗi da na Damagaram, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kar ku kwafo zaton da aka yi don wasu ku ɗora wa iyayenmu. Ku daina gwada aikinku a kan salularku mai tsada kaɗai, ku nemo Itel ɗin da ta sha wuya, ku ajiye ta kwana biyu ba a taɓa ba, ku ga ko abinku zai tashi. Ku tara ayyuka ku aika sau ɗaya maimakon leƙe-leƙe kowane minti 15. Ku bar mutum ya zaɓi sa'ar da manhaja za ta fita intanet, mai forfen dare ya ce sai dare. Ku rubuta masa a fili, da Hausa ko Zabarmanci, mega nawa aikin zai ci kafin ya ci. Ranar farko da ya buɗe manhajar, ku kama hannunsa ku nuna masa inda zai hana salularsa shaƙe ta. Kayan tallan da ake ba ku kyauta ku manna a ciki kuwa, ku tambayi kanku me suke kwasa kafin ku manna, don ranar da asiri ya tonu sunanku za a kira.

Yanzu ga abin da nake roƙonku, ku da kuka karanta har nan. Ku shiga parametir, ku nemi wurin da ake nuna megar da kowace manhaja ta ci. Sunan wurin kan ɗan bambanta daga salula zuwa salula, in ya gagara ku ba ƙaninku. In kun taɓa manhaja za ku ga lamba biyu: Premier plan, wato abin da ta ci kuna kallo, da Arrière-plan, abin da ta ci ba ku nan. Ku duba har da waɗanda ba ku taɓa buɗewa ba, musamman su. Ku rubuta manhaja uku da suka fi ci a bayan fage, da lambobinsu, da irin salular, da garinku. Ba ma son sunanku, ba ma son lambar wayarku. Ku duba ta mama da ta baba ma, da izininsu. Ku turo mana, za mu tattara gari-gari mu buga a takarda, mu kai ARCEP da HAPDP hannu da hannu, mu karɓo shaidar cewa sun karɓa.